Darasi na Goma Sha Huɗu: Ƙwannafi da Zaɓen Maganinsa

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana abin da ake nufi da ƙwannafi, ya bambanta rukunai uku na magungunan rage tsamin ciki, ya kuma kawo alamomin da ke wajabta wa majiyyaci zuwa asibiti.

Gabatarwa

Garin Potiskum, wanda Hausawa ke kira Fataskum, yana daga cikin manyan garuruwan Jihar Yobe, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Barno a shekarar 1991. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta bi ta Azare, ta wuce Damaturu har Maiduguri. Ƙabilun Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa duk suna zaune a cikinsa, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa. Garin ya yi suna da kasuwar shanunsa mai ci ranar Laraba, da kuma sana'ar tuƙin manyan motoci.

Direbobi da dillalai da 'yan dako ba su da tsayayyen lokacin cin abinci. Wani yakan wuni da yunwa, sai dare ya yi ya cika cikinsa da abinci mai maiƙo da yaji, ya bi da shayi mai kauri, sa'an nan ya kwanta nan take. Wani kuma yakan riƙa cin goro don korar barci, ya kuma sha maganin ciwon jiki kullum. Irin wannan zama yana jawo wata larura da mutane da yawa ke kuka da ita, wato ƙwannafi. Magungunanta suna nan birjik a kantunan magani, amma ba aiki iri ɗaya suke yi ba. Saboda haka wajibi ne a san wanda ya dace da kowane hali.

Mene ne Ƙwannafi?

Idan mutum ya haɗiye abinci, abincin yakan bi ta wani bututu da ya taso daga maƙogwaro ya sauka cikin tumbi. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsananin tsami, kimanin lita ɗaya da rabi a kowace rana. Wannan ruwa shi ke taimakawa wajen narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo shi. Bangon tumbi yana da majina mai kauri da ke kare shi daga tsamin, amma bututun abinci ba shi da irin wannan kariya.

A mahaɗar bututun da tumbi akwai wani zoben tsoka mai tsuke hanya, kamar yadda mazagi ke tsuke wando. Yakan buɗe don abinci ya wuce, ya kuma rufe. Idan zoben ya saki a lokacin da bai kamata ba, sai ruwan tsamin ya tuttuɗo sama. Nan ne mutum zai ji zafi kamar wuta a ƙirjinsa, wani lokaci da ruwa mai tsami ko ɗaci a bakinsa. Wannan shi ne ƙwannafi. Kusan kowa yakan gamu da shi jefi-jefi. Amma idan yana zuwa sau biyu ko fiye a mako, har aka ɗauki makonni a haka, to ya zama larura mai daɗewa wadda ke bukatar kulawa, domin tsamin na iya ƙona bututun abinci, ya yi masa tabo har ya tsuke.

Rukunai Uku na Magunguna

Don a fahimci bambancin magungunan, mu ɗauki misalin famfo da ke malalar da ruwa a tsakar gida. Mutum na farko ya ɗauki tsumma yana goge ruwan da ya zube. Na biyu ya tare ɗan aiken da ke zuwa da umarnin a buɗe famfo. Na uku kuwa ya je ya rufe famfon kansa. Haka rukunan nan uku suke aiki.

Rukuni na farko shi ne magunguna masu kashe tsami. Su ne masu goge ruwan da ya riga ya zube. Akwai na ruwa fari mai kama da madara, wanda aka fi sani da Mist Mag, akwai kuma irin su Gestid da Gelusil. Yawancinsu ana yin su da sinadarin maganiziyam ko alminiyam ko kalsiyam. Suna kawo sauƙi cikin 'yan mintoci, amma aikinsu ba ya wuce awa ɗaya ko biyu, kuma ba sa hana tumbi fitar da sabon tsami. Mai maganiziyam yakan sa gudawa, mai alminiyam kuma yakan ɗaure ciki, shi ya sa ake yawan haɗa su biyun a magani ɗaya. Akwai kuma irin su Gaviscon, masu yin kumfa mai kauri a saman abin da ke cikin tumbi don ta tare tsamin kada ya hau.

Rukuni na biyu shi ne masu tare saƙo. A cikin jiki akwai wani sinadari mai suna histamin, wanda ke umartar tumbi ya fitar da tsami. Waɗannan magunguna suna tare wannan umarni. Na farkonsu shi ne simetidin, wanda ya shiga kasuwa a Birtaniya a 1976. Masanin da ya jagoranci binciken da ya kai ga samunsa, James Black, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1988. Daga baya aka sami ranitidin da famotidin. A jikin kwali, sunayen 'yan wannan rukuni suna ƙarewa da haruffan tidine. Sukan fara aiki cikin kamar awa ɗaya, su kai awa goma zuwa goma sha biyu suna aiki. Rauninsu shi ne, idan ana shan su kullum, jiki yakan saba da su cikin 'yan makonni, ƙarfinsu ya ragu. Ya kamata kuma a san cewa a 2020 hukumomin magani na Amurka da Tarayyar Turai sun dakatar da sayar da ranitidin, saboda an gano wani gurɓataccen sinadari a cikinsa wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji.

Rukuni na uku shi ne masu rufe famfo. A bangon tumbi akwai ƙananan famfuna da ido ba ya gani, su ne masu tura tsami. Magungunan wannan rukuni suna rufe su. Na farkonsu shi ne omefirazol, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin, ya kuma shiga kasuwa a 1988. 'Yan'uwansa sun haɗa da esomefirazol da lansofirazol da fantofirazol da rabefirazol, kuma a jikin kwali sunayensu suna ƙarewa da haruffan prazole. Su ne suka fi ƙarfi, su ne kuma suka fi warkar da bututun da ya ƙone. Sai dai ba su da gaggawa, domin sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin su kai cikakken ƙarfinsu. Yawanci ana shan su sau ɗaya a rana, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. A watan azumi, likita yakan mayar da lokacin shan zuwa gabanin sahur ko lokacin buɗa-baki.

Yadda Ake Zaɓe

Kafin a miƙa hannu ga kowane magani, akwai tambayoyi uku da ya kamata a amsa.

Tambaya ta farko: sau nawa ƙwannafin ke zuwa? Idan jefi-jefi ne, bayan an ci abinci mai nauyi, to mai kashe tsami ya wadatar. Idan mutum ya san yakan tashe shi da dare, ko yana son sauƙi mai ɗan tsawo, to mai tare saƙo ya fi dacewa. Idan kuwa yana zuwa sau biyu ko fiye a kowane mako, mai rufe famfo ne ya fi amfani. Likita yakan rubuta shi na mako huɗu zuwa takwas, sa'an nan ya sake duba majiyyaci. Wanda ya saya da kansa kada ya wuce kwana 14 yana sha ba tare da ya ga likita ba.

Tambaya ta biyu: wane ne majiyyacin? Mace mai juna biyu takan yi fama da ƙwannafi, musamman a watannin ƙarshe. Ita akan fara mata da gyaran cin abinci da magani mai kashe tsami, bisa shawarar ma'aikatan awo. Mai ciwon ƙoda kuwa, wanda larura ce da ta daɗe tana damun jama'a a yankin Gashuwa da ke arewacin Yobe, bai kamata ya sha mai maganiziyam ko alminiyam da kansa ba, domin ƙodarsa ba za ta iya fitar da su ba, sai su taru a jini.

Tambaya ta uku: waɗanne magunguna yake sha? Masu kashe tsami suna hana jiki tsotse wasu magunguna, kamar ƙwayar ƙarin jini da tetirasaikilin da sifurofulokzasin. Saboda haka akan bar tazarar aƙalla awa biyu a tsakaninsu. Simetidin yana cin karo da magunguna da yawa, ciki har da wasu na farfaɗiya. Masu rufe famfo kuma suna rage ƙarfin wasu daga cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Ga kuma magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da daikulofenak, waɗanda ke raunana kariyar bangon tumbi har su jawo gyambo. Wanda ke shan su kullum yana kuma shan maganin tsami, tamkar mai kashe wuta ne da hannu ɗaya yana ƙara mata itace da ɗayan.

Shan mai rufe famfo na tsawon shekaru ba tare da kulawar likita ba yana da nasa haɗarin. Yana iya rage sinadarin bitamin B12 da maganiziyam a jiki, an kuma danganta shi da raunin ƙashi da wasu cututtukan hanji. Idan aka daina shi farat ɗaya bayan dogon lokaci, tsamin yakan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci, don haka akan rage shi sannu a hankali. Duk da haka, akwai majiyyatan da likita ke ɗora su a kansa na dindindin, domin amfaninsa gare su ya rinjayi illarsa.

Kanwa da Olsa

Tun kafin zuwan maganin bature, mutanen wannan yanki sun san kanwa, wadda ake samu a arewacin Yobe da yankin Tafkin Chadi. Har Hausawa na cewa, "Kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta." Wannan magana gaskiya ce, domin kanwa tana kashe tsami kamar magungunan rukuni na farko. Amma tana cike da sinadarin sodiyam, wato irin wanda ke cikin gishiri, kuma ba ta da ma'auni. Yawan shanta haɗari ne ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda. A shekarun 1970, likitoci a Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego.

Haka kuma, mutane sukan kira kowane zafin ciki da sunan olsa, alhali ƙwannafi daban, gyambon ciki daban. Gyambo rauni ne a bangon tumbi ko farkon hanji. A 1982, wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa, wadda ake kira Helikobakta failori. Sun sami lambar Nobel a 2005. Maganin rage tsami kaɗai ba ya kashe wannan ƙwaya. Sai an yi gwaji, an haɗa mai rufe famfo da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, na kwana 10 zuwa 14.

Alamomin Haɗari

Magani na iya kwantar da zafi alhali cuta tana ci gaba a ɓoye. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, to ya nufi asibiti: wahalar haɗiye abinci, rama ba tare da dalili ba, aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, yawan amai, ko ƙarancin jini. Haka nan wanda ya haura shekara 55 kuma ƙwannafi ya fara damunsa a karon farko. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, wanda ke sauka hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da sarƙewar numfashi, yana iya zama ciwon zuciya, kuma ba ya jiran gobe.

A ƙarshe, magani ba ya aiki shi kaɗai. A riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, a bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, a ɗaga gado ta wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20, a rage ƙiba, a bar shan taba. Idan za a sayi magani, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace, a kuma guji na talla da ke shan rana a tasha.

Tattaunawa

Wani dattijon direba ya shiga kantin magani, ya tarar da saurayi masanin harhaɗa magunguna.

Direba: Salamu alaikum. Sannu da aiki, ɗana.

Masani: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Ina gajiya?

Direba: Ba gajiya. Ba ni maganin olsa na wata guda. Na yi lodin shanu, gobe da asuba zan kama hanyar Legas.

Masani: To, Baba. Tun yaushe kake shan sa?

Direba: Wata uku ke nan. Da farko yana yi mini, yanzu kuwa sai a hankali.

Masani: Akwai wani magani da kake sha ban da shi?

Direba: Sai na ciwon baya, safe da yamma. In abin ya matsa, in jiƙa kanwa.

Masani: Ka yi haƙuri da tambayar nan, Baba. Yaya launin bayan gidanka?

Direba: Kwana biyun nan baƙi ƙirin ne. Jiri ma yana ɗibata.

Masani: Baba, ba zan ɓoye maka ba, wannan alama ce ta zubar jini a ciki. Ka ajiye maganin ciwon bayan nan da kanwar, ka tafi babban asibiti yanzu. Kada ka tuƙa mota, a samu wanda zai kai ka.

Direba: Shanun mutane fa?

Masani: A ba wani direban. Lafiya uwar jiki, Baba. In jiri ya kama ka a kan hanya, ba shanun kaɗai za a rasa ba.

Direba: Gaskiyarka, ɗana. Allah ya yi maka albarka.

Masani: Amin, Baba. Allah ya ba da lafiya.

Ma'anar Kalmomi

Ƙwannafi: zafin ƙirji da tsamin ciki ke jawowa.
Tumbi: jakar da abinci ke taruwa a cikin ciki.
Mazagi: igiyar da ake ɗaure wando da ita.
Tuttuɗo: cika har ya malalo sama.
Jefi-jefi: ba kullum ba, sai lokaci-lokaci.
Birjik: da yawa, a ko'ina.
Majiyyaci: marar lafiya da ake jiyya.
Gyambo: rauni mai daɗewa bai warke ba.
Mai jego: macen da ta haihu ba da daɗewa ba.
Farat ɗaya: lokaci guda, ba tare da shiri ba.
Kar: gajeriyar siga ta "kashe".

Auna Fahimta

1. Waɗanne ɗabi'u ne na direbobi da 'yan kasuwa ke jawo ƙwannafi?
2. Me ya sa tsami ke ƙona bututun abinci amma ba ya ƙona tumbi?
3. Yi amfani da misalin famfo ka bayyana aikin rukunan magani guda uku.
4. Wane rukuni ne ya fi saurin aiki, wane ne kuma ya fi ƙarfi?
5. Kawo tambayoyi uku da ake amsawa kafin zaɓen magani.
6. Mene ne bambancin ƙwannafi da gyambon ciki?
7. Don me masanin magani ya ƙi sayar wa direba abin da ya nema?

Nahawu: Kwatanci da Sharaɗi

Ana amfani da "fi" wajen nuna fifiko, da "kai" wajen nuna daidaito. Misali: Mai kashe tsami ya fi mai rufe famfo sauri. Mai tare saƙo bai kai mai rufe famfo ƙarfi ba.

Ana amfani da "idan" ko "in" wajen gindaya sharaɗi. Misali: Idan zoben ya saki, sai tsami ya hau. In abin ya matsa, a tafi asibiti.

Cike waɗannan gurabe da kalmar da ta dace:

1. Rigakafi ya ...... magani.
2. ...... ka ci abinci, kada ka kwanta nan take.
3. Azare ba ta ...... Kano girma ba.
4. ...... majiyyaci ya yi aman jini, a gaggauta kai shi asibiti.

Jinga

1. Nemi wani babba a gida ya bayyana maka yadda ake amfani da karin maganar nan a zaman yau da kullum: "Kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta." Rubuta abin da ya faɗa cikin jimloli biyar.
2. Rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga kawunka wanda ya daɗe yana shan maganin ƙwannafi da kansa. Ka ba shi shawara cikin ladabi, ka kuma yi amfani da karin maganar "Matambayi ba ya ɓata."